Daga Falgore Sai Ina?

Binta, Sani, Rabi, akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidanmu na Bebeji game da yayanku Malam, wai aljanun dajin Falgore ne suka ɗauke masa harshe saboda yawon da na riƙa yi da shi a mota yana ƙarami. Kun ji ta a bakin dangi, kun ji ta a bakin maƙwabta, kun kuma sha maimaita ta a gabana ina zaune ban ce uffan ba. To ƙarya ce. Aljanu ba su taɓa yaron nan ba, kuma da suna kai ƙara da tuni sun kai ni. Yanzu da ido ya fara yi mini gardama, na ga gara in zauna da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci in rubuta muku yadda abin yake, domin da baki na gwada ya fi sau goma na kasa.

Yayanku shi ne ɗan farinmu ni da mahaifiyarku Hauwa'u, Allah ya jiƙanta. Aka sa masa sunan mahaifina, Malam Idrisu, shi ya sa kowa ke ce masa Malam. Kun ga kunya ta zama biyu ke nan, ga ta ɗan fari ga ta mai sunan uba. Ku 'yan yanzu da kuke ɗora jariri a kafaɗa kuna ɗaukar hoto ba za ku gane ba, amma a lokacinmu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yi masa wasa, ba ya zama ya yi hira da shi mutane na gani. Wannan aikin kaka ne. Kuma Inna, mahaifiyata, ta yi aikin nan yadda ya kamata. Tun da aka yaye shi yake ɗakinta, tana goya shi tana surutu, tana ce masa mijinta marowaci wanda ba ya kawo cefane. Sai dai bai cika shekara uku ba Inna ta kwanta ciwon kwana tara ta rasu. Daga ranar babu wanda ya gaji bakinta. Mahaifiyarku kuwa a kunya ba ta da na biyu a unguwarmu, har misali ake yi da ita. Za ta yi masa wanka, ta ba shi abinci, ta wanke masa kunnen nan nasa da ke yawan zubar da mugunya ta ɗiga masa man shanu, amma duk fuskarta na gefe. In ta kama dole ta yi masa magana sai ta yi ta ƙasa ƙasa, "kai yaro, matsa," kamar mai tsoron kada bango ya ji. Ni kuma in fita da asuba in dawo bayan la'asar, in na same shi a zaure in ratse shi in wuce. Muna son yaron nan, Allah shi ne shaida. Mun dai ɗauka haka ake so.

Ya shekara huɗu bai ce ko "ruwa" ba. In yana son abu sai ya ja zanen mutum ya nuna. Yaran unguwa suka sa masa waƙa, suna bin sa suna tafi, "Beben Bebeji, beben Bebeji." Ina jin su daga cikin zaure, raina na ƙuna, amma in fita in kore su a kan ɗan fari? Sai a ce Sule ya zubar da mutuncinsa. Haka nake zama ina ƙirga azarar rufi har su gaji su watse.

A shekarar ina jan wata tsohuwar a-kori-kura, ina ɗauko masara daga Doguwa da shinkafa daga Tudun Wada. Wani abokin sana'a ya ba ni labarin wani malami a Tudun Wada da ke ba da rubutun buɗe baki, amma sharaɗinsa yaro ya sha a gabansa, sau bakwai, duk ranar kasuwa. Babu mai kai shi sai ni, tun da hanyata ce. Abin da ya sa ya fara shiga gaban motata ke nan. Na ɗora shi a kan wani tsohon buhu da na ninke don ya riƙa hango hanya, na ja muka tafi, ni da ɗana, babu na uku. Wallahi gumi na yi ranar. Ban taɓa zama da shi mu biyu ba.

Motar nan salansarta a fashe take, in tana tafiya sai ka ce injin niƙa. Ni kuma ina da wata ɗabi'a da duk direban da ya daɗe shi kaɗai a hanya ya sani, ina magana da mota, ina zagin ramuka, ina yi wa shanu faɗa in sun tare titi, kuma dole da ƙarfi saboda ƙarar injin. Na manta ma da yaro na nan. Muna isa Kwanar Dangora na karya sitiyari na daka tsawa yadda na saba, "Dangora, mun gaishe ki!" Da na saci kallonsa sai na ga ya zuba wa bakina ido ko ƙiftawa ba ya yi. Na sake cewa, "Dangora." Ya ci gaba da kallo. Na duba madubi, babu kowa sai buhunan wofi. A nan na gane wani abu game da mota. Idonka na kan titi, ba sai ka kalli wanda kake wa magana ba, kuma ba mai leƙo ku. Kunyar da ta cika gidanmu ba ta samu wurin zama a gaban a-kori-kura ba. Sai na shiga faɗa masa duk abin da muka wuce. Ga rake. Ga jaki. Ga gada. Ga mai keke zai kashe kansa. Na yi ta zuba kamar rediyo har Tudun Wada.

A tafiya ta uku, muna dosar kwanar, kafin in buɗe baki na ji wata 'yar murya a gefena, a shaƙe kamar ta ɗan akuya.

"Gora."

Saura kaɗan in zuba motar a cikin gonar mutane. Na taka burki, na gangara gefe, na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon gaba. Na ce, "Me ka ce?"

"Dan-gora."

Na fita na buɗe bonet kamar mai duba ruwa, na tsaya a bayansa na yi kukana na gama, sannan na dawo muka ci gaba.

Daga nan muka ƙirƙiri wasanmu. In ce, "Daga Bebeji sai ina?" ya ce, "Dangora." "Daga Dangora sai ina?" "Tudun Wada." "Daga Tudun Wada sai ina?" "Falgore." Bayan an sha rubutu sai in wuce da shi Doguwa ɗaukar masara, don hanya ta ƙara tsawo. A dajin Falgore ya koyi biri da kogi da dutse. A bakin dajin akwai matan Fulani masu tallar nono, wata a cikinsu ta riƙa miƙo masa ludayi ta taga tana ihu "kosam, kosam," sai ga shi ya iya kosam kafin ya iya nono. Na koyi jan baki in jira shi, domin na lura in na yi tambaya na yi shiru, ko zai ɗauki tsawon gona guda sai ya lalubo amsar. In ya ce "saniya" in ce "saniya fara," a dawowa sai in ji ya ce "saniya fara" da kansa. Wata rana wani gwaggon biri ya tsallaka titi da gudu, yaron nan ya daki cinyata ya ce, "Baba, biri ya gudu!" Magana cikakkiya, mai kai da ƙafa, har da Baba a gabanta. Daga baya ma sai ya ƙwace wasan, shi ke tambaya ni ke amsawa. Da ya hango gari sai ya ja hannun rigata ya ce, "Baba, sai ina?"

Abin mamaki, da mun shigo gida sai bakin ya rufe. Ko kalma ɗaya. Na faɗa wa mahaifiyarku wata safiya tana miƙo mini kunu, na ce yaron nan fa yana magana a mota. Ta juya mini baya ta ce, "Ni ina ruwana," yadda ake faɗa. Amma ta shige madafa ta daɗe ba ta fito ba.

Ranar shan rubutu na bakwai malamin nan ya sa na zauna. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ji yaron na nuna tumakinsa yana cewa "tunkiya, tunkiya," sai ya dube ni.

"Direba, me kuke yi a hanya kai da shi?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah gafarta malam, surutu ne kawai irin na mota."

Ya ce, "To ka riƙe surutun nan. Ni na ba da rubutu, Allah ne mai buɗewa, amma yana buɗewa ta hanyar da ya so. Na ga alamar taka hanyar ya zaɓa. Kada ka bari."

Na ce to. Ku riƙe wannan, an faɗa mini. Ba zan tashi gaban Allah in ce ban sani ba.

Na ci gaba da ɗaukar sa har kaka ta yi, ina cewa mutane malam ne ya ƙara mana kwanaki. Sai ranar da Yaya Ado, wan da nake bi, wanda ya zama uban gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu, ya ce in rage masa hanya zuwa kasuwar Tudun Wada zai sayi bijimi. Ya shiga gaba, yaro a tsakiyarmu. Tun daga Bebeji na ɗinke bakina ina addu'ar Allah ya sa yaron ya yi barci. Muna hango Kwanar Dangora ya ja hannun rigata.

"Baba, sai ina?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya ƙara ja, ya ɗaga murya yadda muka saba.

"Baba! Sai ina?"

Yaya Ado ya juyo a hankali. Ku duba fa, yaron da duk Bebeji ke kira bebe ne ya yi magana a gabansa. Na zaci zai yi kabbara. Sai ya ce:

"Au, abin da ake yi a motar ke nan? Sule, kai da ɗan farinka kuke hira kamar abokan tasha? Mai sunan Malam? Har da wani Baba? Inna ba ta shekara biyu a ƙasa ba ka watsar da tarbiyyarta. To bari mu isa, sai na ba direbobi labari."

Yana dariya yake faɗa, wannan shi ne abin da ke cina har yau. Da na yi dariya ni ma na ce "Tudun Wada," da maganar ta wuce a nan. Amma sai na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Yaron ya sake ja a karo na uku, bai ma gama "sai" ba na juya na sa bakina daidai kunnensa na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ko jaki ba.

"Yi mini shiru!"

Ya saki rigata. Ya mayar da hannunsa tsakanin cinyoyinsa, ya kalli titi. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Shekara arba'in ke nan da 'yan kai, yaron nan yana bin umarnina.

Yaya Ado ya cika alkawari, a tasha aka yi mako ana ce mini "Baba sai ina." Sannan ya tara mu ya ce yaron na neman lalacewa a hannuna, ga Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinmu da ke wani ƙauye bayan Doguwa, ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya rasu, ta daɗe tana roƙon a ba ta riƙo. Ya ce da ma ɗan fari ba a gaban iyayensa ya kamata ya tashi ba. Aka tambaye ni. Ba wanda ya sa mini wuƙa, ni na ce na amince, don in nuna wa mutane cewa yaron bai dame ni ba. Mahaifiyarku na bayan ƙofa tana ji, ita kuma ba ta da bakin cewa a'a a kan ɗan fari. Ita ta ɗaure masa kayansa a ɗankwalinta.

Ni na kai su da kaina, shi da Gwaggo da ta zo ɗaukarsa. Muka wuce Dangora shiru, muka wuce Tudun Wada shiru. Sai da muka shiga tsakiyar dajin Falgore, wurin da muka saba ganin birai, na ji ya yi magana can ƙasa, bai ja rigata ba, bai kalle ni ba, gilashi yake kallo.

"Sai ina?"

Amsar na bakina. Doguwa. Kalma ɗaya ce. Na dubi Gwaggo ta gefen ido na haɗiye ta. Gwaggo kuwa ta zabura ta hau salati, ta ce ta ji yaron na magana da wani a cikin daji, wani da ba ma gani. To kun ji inda labarin aljanu ya samo asali. Ni ne aljanin, ina zaune a bayan sitiyari.

Ya yi shekara goma sha ɗaya a wurinta. Kada ku zarge ta, ta so shi iyakar so, ko tsinke ba ta taɓa ɗaga masa ba. Amma ita kaɗai ce a gidan, a ƙarshen ƙauye, wuni take a gona, kuma ta yarda cewa bebe ne, don haka da hannu take masa magana. Kunnen ya ci gaba da zuba, tana ɗiga abin da ta sani. Ina bi ta Doguwa kusan duk mako, amma sai in yi wata uku ban ratsa ba, in na je ma in gaishe da Gwaggo in ajiye tsaraba in tashi. Sau nawa na ce gobe zan ɗauko shi mu zaga ko zuwa bakin daji ne? Goben ba ta zo ba. Da Gwaggo ta rasu ya dawo mana saurayi, ba ya cewa komai, ba ya juyowa in an kira. Na kai shi ya koyi facin taya, shi ne kuka tashi kuka gan shi da rumfarsa a Kwanar Dangora. Ban san ko shi ya zaɓi wurin don wani abu ba, ban kuma da hanyar tambaya.

Mahaifiyarku ba ta taɓa jin muryarsa ba. A ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi kun fita neman magani, ta kira ni kusa. Matar da ta shekara talatin ba ta ambace shi a gabana ba ta ce:

"Maigida, wai yaya muryarsa take?"

Na ce, "'Yar siririya ce, a ɗan shaƙe."

Ta ce, "Me ya fi son faɗa?"

Na faɗa mata. Ta yi ta maimaitawa a hankali, sai ina, sai ina, hawaye na gangara mata cikin kunne. Ta ce da ta sani da ta ɓoye a bayan motar ko sau ɗaya, a cikin buhuna.

Sani, kai ka san ranar da ka kai mu asibiti a Kano bara, da ciwon kunnen ya tasar wa yayanku. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da likitar ta faɗa mini lokacin da ka tafi karɓo magani. Ta ce kunnen dama ya mutu tun yana jariri, na hagu kuwa da alama ya daɗe yana ɗan ji kafin ciwo ya cinye shi. Ta tambaye ni ko ya taɓa magana. Na ce ya taɓa, amma sai in mun fita a mota. Ta ce a ina yake zama? Na ce a damana, kusa da ni, ina ihu saboda salansa. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Baba, ai kunnensa mai ji shi ne a wajen bakinka. A duniyar nan kai kaɗai yake ji sosai. Me ya sa kuka daina?"

Yarinya ce sa'ar Rabi, amma gaskiya ta faɗa. A gida ana yi masa magana ƙasa ƙasa, fuska a juye, ta ina zai ji? Ashe kusan duk abin da ya shiga kan yaron nan na magana ta bakina ya shiga, kuma abu na ƙarshe da na zuba masa a wannan kunnen da ƙarfi kun ji shi. Na ce mata yanzu fa, ko akwai na'ura? Ta girgiza kai ta ce na hagun ma ya tafi, an makara da shekaru masu yawa.

Ina ganinku yanzu kuna zuba jikokina a bayan mota, ku miƙa musu waya don su yi shiru, ku kunna rediyo. Ba na cewa komai, don wa ya ba ni bakin faɗa? Amma duk sanda na ji ɗayanku ya juya ya ce wa yaro "yi mana shiru," sai in tuna da yayanku. In yaro ya tambaye ku sunan gari, ku faɗa masa, ko waye a motar.

Da muka baro asibitin, Sani, ka ce in shiga gaba na ƙi, na zagaya na zauna a baya ta hagunsa. Ka ɗauka rigimar tsufa ce. Muka yi ta tafiya har muka doshi Kwanar Dangora inda za mu sauke shi. Yana hango kwanar na ga leɓensa na motsi, sai wani sauti ya fito, mai kauri, a murɗe, irin na wanda bai ji kansa ba shekara da shekaru. Kai ka zaci nishin ciwo ne har ka ce sannu Yaya. Ni na san abin da ya ce. Na kama kafaɗarsa, na sa bakina a kunnensa na hagu, na ɗaga murya iyakar ƙarfina.

"Tudun Wada, Idrisu! Sai Falgore! Daga Falgore sai Doguwa!"

Ranar na fara kiran sunansa tun da aka raɗa masa shi. Ka taka burki ka juyo a firgice ka ce, "Baba lafiya? Doguwa kuma za mu?" Shi kuwa bai ko motsa ba, idonsa na kan titi, yana jira a ba shi amsa. Da ka tsaya ya sauka, ya durƙusa ya gaishe ni da hannu kamar kullum, ya nufi rumfarsa, don akwai mai babur da ke jiransa da taya.